Bidiyon da Mama Ta Sa Aka Kunna a Makarantar Lino

Jama'a, ku bari in zauna tukuna. Yau labari biyu ne a bakina, ɗaya na murna ɗaya na kunya, kuma abin haushin a ɗaure suke da juna, ba yadda zan ba ku ɗaya in ɓoye ɗayan. Masu yi min gyaran rubutu a ƙasan shafi kuwa ku yi haƙuri da ni yau. Tun farko na gaya muku ban gama sakandare ba, cikin Lino ne ya sallame ni.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: ni ce Penina, shekarata ashirin da huɗu, ina wanki da guga a gidan kula da tsofaffi a nan Logan. Ɗana Lino shekararsa shida. Ubansa ya koma Auckland tun kafin cibiyar yaron ta faɗi, kar ma mu ɓata tawada a kansa. Muna gidan Mama, mu tara, ɗaki uku da gareji.

Lino ya san tashoshin jirgin ƙasa tun daga Beenleigh har cikin birni, a jere, ba ya tsallake ko ɗaya. Amma ki ce masa "ya sunanka" sai ya kalli bango. In ƙararrawar makaranta ta buga sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur, kuma ba mai fito da shi. Likitan yara ya rubuta sunan abin a takarda, otizim. A mako sai a kira ni sau uku ina tsakiyar guga: "Penina, ko za ki zo ki ɗauke shi?" Abin da nake nema ɗaya ne, a ba shi mai taimaka masa a cikin aji, don ya zauna ya yi karatu kamar kowane yaro.

To ai mun taɓa zuwa neman, a watan Agusta, kuma mu da kanmu muka ɓata abin.

Malama Donnelly ce ke kula da irin su Lino a makarantar, wata doguwar mata mai furfura da tabarau rataye a wuya. Ta ce in zo mu zauna. Da Mama ta ji, cewa ta yi, "Wace irin 'ya ce za ta je gaban hukuma ita kaɗai kamar ba ta da dangi?" Ta ɗauko puletasinta mai ruwan hoda, riga da zanin da ba ta sa wa sai ranar taro, ta soke fure a bayan kunne, ta gasa faranti guda na panipopo, burodinmu na gargajiya da ake gasawa cikin madarar kwakwa, madarar har tana zuba ta gefe. Kun san mu. In babba yana magana, ƙarami ya sunkuyar da kai. Kuma ba a faɗin aibin ɗa a gaban baƙo, ko da baƙon ya roƙa.

Malama Donnelly ta buɗe takarda. "Yana iya sa kayansa da kansa?"

"Kamar soja," in ji Mama.

Ni ce nake sa masa, jama'a. Safa kaɗai sai mu yi minti ashirin, don in ɗinkin ya taɓa masa yatsa ranar ta lalace.

"Hayaniya tana damunsa?"

"Jikana? Ai a cikin ganga aka raine shi. Ɗan coci ne."

"Abinci fa?"

"Ba ya zaɓe. Ci wannan, Malama, da zafinsa."

Abu uku Lino yake ci a duniya, kuma duk farare ne.

Malamar ta cire tabarau ta dube ni. "Penina, kina da abin da za ki ƙara?"

Mama ba ta ko juyo ba. Gyaran murya kawai ta yi. Na ce, "A'a, babu."

Bayan mako biyu wasiƙa ta zo. Wai tunda iyali sun ce yana tafiyar da harkarsa a gida da cikin taro, za a ci gaba da lura da shi tukuna. Na shiga banɗakin wurin aiki na yi kuka har injin busar da kaya ya gama zagayensa. Mama kuwa a jikin firij ta manna wasiƙar. Ta ce, "Kin gani? Su ma sun shaida lafiyarsa ƙalau."

Na ce, "Mama, jiya ma an kira ni."

Ta ce, "Ke ba ki san duniya ba. 'Yar matar fasto tana aiki a kantin abincin makarantar nan. Matar fasto kuma gwaggon wa ce? In aka ji an rubuta jikana a takarda, wa kike gani zai ƙara kallon ƙofar gidan nan?"

To, kun ji inda Alapati ya shigo.

Alapati direban bas ne, shi ke jera kujeru a cocinmu, kuma matar faston gwaggonsa ce. Wata takwas ke nan yana turo min saƙo, kuma na rantse muku saƙon bai taɓa canzawa ba: *Kin ci abinci?* In ce masa na ci. Ya ce, *Madalla.* Shi ke nan, sai gobe. 'Yar kawuna Sieni ta ce mutumin nan soyayyarsa ma sai ta tsaya a kowace tasha. Ni dai na ce muku ban damu da shi ba, kuma ku da kuka yi ta rubuta "ƙarya ne" a ƙasa, Allah ya isa tsakanina da ku, don kun yi gaskiya.

Ana nan sai Malama Donnelly ta kira ni a waya. Ta ce, "Penina, abin da nake gani a aji daban, abin da aka gaya min daban. Kafin ƙarshen watan Oktoba zan tura takardun shekara mai zuwa. Ki dawo ranar Juma'a. Ba ranarsa mai daɗi nake son ji ba, ranarsa mafi wuya nake so."

Na yi niyyar zuwa ni kaɗai. Amma a gida mai mutum tara ko tari kika yi sai an san ƙarfe nawa ne.

Kafin Juma'ar nan aka yi Farar Lahadi, ranar yara. Kowane yaro cikin sabon farin kaya, su ke karatu, su ke waƙa, in an dawo gida su ake fara zuba wa abinci manya suna yi musu hidima. Mama ce ke koyar da yaran a bana. Ta ba Lino ayarsa, layi ɗaya tak, muka yi wata guda muna maimaitawa a bakin wanka. Farar taguwa, farin zani, jan laktaye, an shafe masa gashi da man kwakwa yana ta ƙyalli. Mama ta miƙo min umarni: "Ki tsaya a baya ki ɗauka da waya. Kar hannunki ya yi rawa."

Na ɗauka. Kuma Lino ya faɗi ayarsa, can a ƙarshe, bayan kowa ya gama, ya juya wa jama'a baya yana kallon bango, amma ya faɗa tsaf har coci ya ɗauki tafi. Abin da Mama ta gani ke nan, don tana gaba tana kaɗa hannu wa 'yan waƙa. Abin da ya faru kafin nan ba ta gani ba.

Ranar Juma'a ina fitowa daga wanka na ga Mama a falo, puletasi kore wannan karon, fure a kunne, faranti biyu a kan tebur. A ƙofar gida kuma motar Alapati.

"Mama, me yake yi a nan?"

"Yau ba ya aiki. Wa zai ɗaukar min faranti? Ke da hannunki kamar tsinke?"

Na gane dabararta nan take. So take ya ji da kunnensa ana yabon jikanta a gaban hukuma, ya kai wa gwaggonsa labari. Na koma ɗaki na canza riga sau uku, ba don kowa ba, zafi ake yi. A mota ya dube ni ta madubi ya ce, "Kin ci abinci?" Mama ta yi murmushi kamar an karanta mata wasiƙar neman aure.

Da muka isa, ya ajiye farantan zai fita, Mama ta ce, "Zauna, ɗana, ai kai ɗan gida ne." Malama Donnelly ta tambaye ni ko na yarda. Me zan ce? Ya zauna a kan wata 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa har haɓa.

Malamar ba ta gama buɗe takarda ba Mama ta ce, "Kafin tambaya, ki ga abin da jikana ya yi a gaban mutum ɗari biyu. Penina, nuna mata."

Na ciro waya ina jan bidiyon zuwa ƙarshe. Malamar ta ce, "Kawo in sa a babban allo, kowa ya gani." Mama ta ce, "Daga farko, Malama. Ki ga yadda na jera su."

Yanzu ga inda zan yi muku ikirari. Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau ashirin, amma ba murya, don kada a ji a gida. Saboda haka na manta sam da abin da bakina ya faɗa.

Minti na farko lafiya lau. Yara a jere, Mama tana kaɗa hannu. Sai ga wani mutum ya gifta ɗauke da benci biyu a kafaɗa ɗaya. Sai hoton ya bar yara. Ya bi mutumin. Ya matso kusa, ya ƙara matsowa, har farar taguwarsa ta cika allon makaranta. Sai wata murya ta fito ta lasifika, ƙasa-ƙasa amma tar:

"Sieni. Sieni, kalli kafaɗa. Kai, Allah ya yi halitta a nan."

"Ke, a coci muke fa!"

"To ai Mahalicci nake yabo."

Jama'a, na nemi ƙasa ta tsage, amma kafet ne. Malama Donnelly ta kama tari, ta juya tana neman wani abu a durowa wanda na tabbata babu shi. Alapati ya ƙura wa takalminsa ido, kunnuwansa kamar an dafa. Mama kuwa ta juyo a hankali, furen kunnenta yana rawa.

"Wannan ne aikin da na sa ki?"

"Hannuna ne ya goce, Mama."

"Har da bakin?"

Sai a cikin bidiyon aka saki ganga da molo gaba ɗaya. Kuma saboda wayata tana kan wanda take kai, ta kama abin da ke bayansa. Lino ya zame daga ƙarshen layi, hannu biyu a kunne, ya ruga ya shige ƙarƙashin bencin baya. Ana jin muryata na ce "wayyo Lino", hoton ya girgiza don na fara tafiya. Amma Alapati ya riga ni. Ya ajiye bencinan, ya kwanta rub-da-ciki a ƙasa da farar taguwarsa, bai taɓa yaron ba, ya dai sa kansa kusa da nasa. Ni kuma na tsaya cak da waya a hannu, ban ma san tana ɗauka ba.

Duk muka zuba ido. A allo ana ganin ƙafafun Lino suna dukan ƙasa, yana buga ƙeyarsa a jikin katako, jan laktayen ya naɗe a wuyansa. Daga nesa ana hango bayan Mama tana kaɗa hannu cikin farin ciki. Minti ɗaya, biyu, biyar. Ba wanda ya ce a tsayar.

Malama Donnelly ta ce, "Me kake gaya masa a nan?"

Alapati ya share gumi. "Tashoshi ne, Malama. Beenleigh, Holmview, haka dai. Sai in tsallake ɗaya da gangan. In ce Loganlea, in ce Woodridge. In ya yi shiru, to bai dawo ba tukuna, sai in sake daga farko. In ya ce min Kingston, to ya dawo."

"Sau nawa ka sake?"

"Shida."

A daidai nan, a cikin bidiyon, wata 'yar siririyar murya ta ce, "Kingston." Malamar ta jawo biro ta rubuta.

Na saci kallon Mama. Ba ta motsa ba har aka kai wurin ayar, har aka yi tafi, har allon ya yi baƙi. Sai ta dafa tebur ta miƙe. Na ce shi ke nan, za ta kwashe farantanta mu tafi. Amma sai ta ture kujerar gefe, ta tattara zaninta, ta zauna a ƙasa ta tanƙwashe ƙafa. A wurinmu mai roƙo ba ya magana daga sama. Tun da nake ban taɓa ganin Mama ta zauna wa wani a ƙasa ba in ba fasto ko manyan dangi ba.

Ganin haka ni da Alapati muka sauko, don ba za mu zauna sama da ita ba. Malama Donnelly ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ita ma ta sauko da takardunta, gwiwoyinta suna ƙara kamar ana karya itace.

Mama ta ce, "Malama, wancan zuwan ƙarya na yi miki. Ta ladabi ce, amma ƙarya ce. Ina gaba ina waƙa, jikana yana bayana yana dukan kansa da katako. Ki tambayi uwarsa. Yau bakina a rufe yake."

Na gyara zama. Sai na fara da safa. Daga safa na wuce abinci, na wuce injin busar da hannu na banɗakin kasuwa, na wuce ranar da ya ɓace muka same shi a bakin layin dogo yana ƙirga taragu. Ina faɗa ina kuka, Malamar tana rubutawa.

Bakin Mama da yake a rufe bai kai minti huɗu ba.

"Kin manta aski."

"Mama, kin ce…"

"Na ce, amma kin manta aski. Malama, mutum uku ke riƙe shi, ni ce ta ukun. Rubuta. Ki kuma rubuta ba ya shan koko in ba a shuɗin kofi ba. Rubuta da kyau, kar su ce ba mu faɗa ba."

Shafi huɗu aka cika. Malamar ta ce ba za ta yi mana alkawarin mai taimako ba sai takardu sun dawo, amma daga Litinin za a riƙa fitar da shi kafin ƙararrawa, za a ba shi abin toshe kunne, a kuma ware masa lungu da taswirar layin jirgi a bango. Ta nemi izini ta haɗa bidiyon da takardun. Na ce, "Daga minti na uku." Ta ce, "Daga minti na uku, na yi alkawari." Amma tana ta danne dariya.

Alapati ya mayar da mu gida. Ya sauke mu, ya ce sai an jima. Washegari ba saƙo. Jibi ba saƙo. Kwana goma sha biyu, jama'a, ba wanda ya tambaye ni ko na ci abinci. A coci ya jera kujeru kansa a ƙasa. Sieni ta ce kunya ce. Mama ta ce, "Ko dai abin da na faɗa ne ya tabbata." Sai ta ƙara, "In haka ne ya tafi da kafaɗarsa. Takardar jikana ba za a janye ba." Na rungume ta, ta ce in sake ta ina yamutsa mata riga.

To yau da rana, ina tsakiyar ninke zannuwan gado, saƙon murya ya shigo daga Malama Donnelly. An amince! An amince, jama'a! Daga mako mai zuwa wata mata za ta riƙa zama da Lino kowace safiya har lokacin abincin rana, kuma shekara mai zuwa da ita zai shiga sabon aji. Wai har an ba ta jerin tashoshi ta haddace. Na yi ihun da sai da wata tsohuwa ta danna ƙararrawar gaggawa.

Da na dawo gida Mama ta karɓe wayar, ta saurara sau uku, ta cire tsohuwar wasiƙar daga jikin firij ta naɗe ɓawon gwaza da ita. Tana shirin saurare na huɗu sai wayar ta yi ƙara a hannunta. Ta sa tabarau. Ta nisantar da wayar daga fuskarta. Ta karanta da ƙarfi, a gaban Sieni da kawuna da duk wanda ke falon:

"*Malama ta ce in zo in nuna wa sabuwar matar yadda ake tsallake tasha, na ce sai in kin yarda. Kwana goma sha biyu ina neman yadda zan tambaye ki wani abu kuma. Wace kafaɗar ce, ta dama ko ta hagu?*"

Sieni ta faɗo daga kan kujera. Na kai hannu, Mama ta buge shi. Da yatsa ɗaya ta rubuta amsa, a hankali, harshenta a waje, ta tura, ta cusa wayar a ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai. Na roƙe ta har da durƙuso ta gaya min abin da ta rubuta. Cewa ta yi, "Ki je ki canza wannan rigar, warin sabulun tsofaffi take yi. Kuma ki ɗora ruwan koko."

Da wayar Sieni nake rubuta muku wannan, a ɓoye a gareji, gashina rabi a tsefe. Yanzun nan na ji motar Alapati ta tsaya a ƙofar gida, kuma ƙofa uku na ji an rufe, ba ɗaya ba, wato da manyansa ya zo. Lino yana jikin tagar garejin, hancinsa manne da gilashi. Yaron da ba ya kiran sunan kowa ya juyo ya dube ni, ido cikin ido, ya ce:

"Kingston."